Takardar Granada da Na Rubuta wa Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, ya haura shekara talatin a Faransa, amma in ka cire Stains inda yake zaune da hanyoyin da yake bi da motar kaya, bai san ko'ina ba. Hutunsa iri ɗaya ne. In ya samu vakans sai ya ɗaure kaya ya tafi Damagaram, ya yi wata guda yana sasanta rigimar dangi da duba ginin da ba ya ƙarewa, ya dawo da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita. Matarsa, wadda duk muke kira Hajiya, takan bi shi wata shekara, wata shekara kuma ta zauna da yara.

Ni karatu ya kawo ni. Na yi shekaruna a Villeurbanne ina koyon aikin ruwan sha, ina kwana a ɗakin ɗalibai wanda in na miƙa hannu biyu sai in taɓa bango da bango. Kawu shi ne ubana a ƙasar. A shekarar ƙarshe aka ba ni damar yin sitaj, wato koyon aiki a aikace, na wata shida a Granada, can kudancin Ispaniya, kuma a nan muka fara samun saɓani da shi. Wani abokin aikinsa ya gaya masa cewa mutanen can da rana suke barci, da dare kuma su cika titi, ba babba ba yaro. Kawu ya ce ɗiya mace ba ta da abin yi a garin da ba a rufe ƙofa. Har gida ya buga waya ya kai ƙarata. Mahaifiyata ta saurare shi tsaf, sannan ta ce tun da karatu ne a bar ni in tafi. Ya bari, amma da na dawo bai tambaye ni ko da yaya hanya ba. Hajiya ce kawai nake aika wa hotuna, ita ma ba ta cewa komai sai Allah ya tsare.

Bayan wasu shekaru, na riga na samu aiki a Lyon, wata Asabar da hantsi ina shanya sai ga wayarsa. Kawu mutum ne mai gajarta gaisuwa a waya, amma ran nan ya tambayi aiki, ya tambayi lafiya, ya tambayi sanyi da ya riga ya wuce, har ya tambayi maƙwabciyata da sau ɗaya ya taɓa gani. Na san akwai magana. Da ƙyar ya fito da ita. A shekarar tafiya gida ta yi wuya, yara duk sun girma kowa ya kama gabansa, ga hutun sati uku ba inda za a kai shi. Hajiya kuma ta fito da hotunan nan da na aika mata tun tuni, na tsohon gidan sarautar Musulmi mai jan bango da ruwa yana gudu a tsakar gida, ta ce ita kafin gwiwarta ta gama hana ta tafiya tana son ta ga wurin da idonta.

"Hajiyarki ce ta matsa," in ji shi. "Ke kin san wurin. Sai ki gaya mana yadda ake yi."

Na ce to, Kawu, kamar ba komai. Da na ajiye wayar na zauna a bakin gado ina murmushi ni kaɗai, rigar da zan shanya tana ɗiga a ƙafata.

Na san ba ya yarda da abin da aka rubuto a waya, yakan ce yau yana nan gobe ya ɓace. Don haka na sayi takarda mai layi na rubuta da hannu, da Hausa, da manyan baƙaƙe saboda idonsa. Kwana huɗu ina yi bayan na taso aiki, in rubuta in yage. Da ta kammala shafi huɗu ce. Ran Asabar ta gaba na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na bi metro da bis har Stains, na same su sun gama cin abincin rana. Hajiya ta share tebur, Kawu ya sa tabarau, na zauna tsakaninsu.

Da masauki na fara. Na ce unguwar da ta fi kyau ita ce ta kan tudu mai fararen gidaje, kowa zai ce musu su sauka can, amma kada su yarda. Lungunanta duwatsu ne da matakala, wasu ko tasi ba ta shiga, gwiwar Hajiya ba za ta ɗauka ba. Su nemi otal a ƙasa, kusa da babban titi. Kafin su amince da ɗaki su tambayi abu uku: ko akwai klim mai sanyaya ɗaki, ko akwai asansar mai hawa da mutum bene, da kuma ina taga take kallo. In tana kallon titi su ce a'a, a ba su mai kallon tsakar gida, in ba haka ba hirar mutane ba za ta bar su su runtsa ba. Kawu ya gyaɗa kai, wannan ya yi masa. Na ce tikitin gidan sarautar kuwa tun yanzu za a saya, da suna daidai yadda yake a fasfo, kuma akwai lokacin shiga da aka rubuta a jiki wanda in ka makara ba wanda zai saurari uzurinka. A nan take na saya musu, Hajiya tana karanto mini baƙaƙen sunanta ɗaya bayan ɗaya.

Na zo kan rana. Na ce daga ƙarfe biyu zuwa wajen shida kada su fita, su ci abinci su kwanta kamar kowa. Kawu ya yi ƴar dariya ta hanci. Na ce abincin dare ba a fara shi sai tara ta gota. Na ce a garin in ka sayi abin sha, ko da ruwan lemu ne, sukan haɗo maka da ɗan faranti kyauta, kuma sau da yawa naman alade ne a kai. Na rubuta musu kalmomin da za su faɗa, na sa Hajiya ta maimaita har sau biyar, sin serdo, ba alade, tana dariya tana rufe baki da mayafi.

Shafin ƙarshe shi ne na dare, kuma ina kaiwa nan na ga fuskar Kawu ta canza. Ban tsaya ba. Na ce a lokacin zafi rana ba ta faɗuwa sai tara da rabi ta kusa, saboda haka fitar da mutane suke yi bayan magariba ita ce fitar yammarsu. Na kwatanta musu wani lungu na masu shayi, yawancinsu ƴan Maroko, inda za su zauna su sha shayi da na'ana'a ba wanda zai kawo musu giya kusa. Na ce akwai masallaci a kan tudu mai lambu yana fuskantar gidan sarautar, su hau ƙaramar bis ja ta kai su har kusa, su yi magariba a can su ga yadda bangon yake komawa kamar garwashi. Na ce a farkon lokacin zafi ana kiɗa a fili cikin lambunan gidan sarautar, kowa a kujerarsa, in sun samu wuri su je ko sau ɗaya. Na kuma rubuta musu titin da ɗalibai suke taruwa suna shaye-shaye, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na ce wannan ba nasu ba ne.

Kawu ya cire tabarau ya dube ni.

"Ke duk wannan ina kika san shi?"

Na gaya masa gaskiya. Matar da na zauna a gidanta tsohuwa ce, mijinta ya rasu, kuma kowace yamma sai ta sa takalminta mai kyau ta ce in raka ta dandali. A can muke zama da ƙawayenta, jikoki suna guje-guje, har iska ta yi sanyi mu koma. Ita ce ta nuna mini inda ake zuwa da inda ba a zuwa, ita ce kuma take faɗa da mai abinci in ya manta ya sa mini abin da ba na ci. Ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihun gaba.

A farkon watan Yuli suka tafi. Kwana na biyu, ƙarfe uku da rabi na rana, ina wurin aiki sai ga wayar Hajiya. Ƙara ta kawo mini. Kawu ya ce shi ɗan Damagaram ne, ba ranar da za ta kore shi daga titi a ƙasar Turawa, ya ja ta suka fita. Ba su sami kanti ko ɗaya a buɗe ba, titi fayau sai su biyu da wani kare a inuwa. Yanzu tana zaune a kan benci ƙarƙashin itacen lemu, ta ce ba inda za ta ƙara takawa. Na kwatanta mata inda za su sami tasi. Da yamma kuma ya kai ta cin abinci ƙarfe bakwai, suka tarar ana ta goge tebura, aka ce su dawo bayan awa biyu. Daga baya ta ba ni labari cewa a ranar ta zare takardar daga aljihunsa ta sa a jakarta, ta ce daga yau ita ce direba.

Daga nan waya ta ɗauke. Kwana uku ba kira ba saƙo, har na fara damuwa. A rana ta huɗu hoto ya shigo. Kawu ne da farar shadda da hula, zaune a kan dakali a lambun masallacin, gidan sarautar ja wur a bayansa, yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Ban taɓa ganin hotonsa yana dariya ba. Na daɗe ina kallo.

Da suka dawo na je yi musu barka da zuwa. Kawu ya ce tafiya ta yi kyau, alhamdulillahi, ya miƙo mini kwalin alewar almon, ya fita masallaci. A kicin na ji sauran. Hajiya ta ce sun samu wuri a kiɗan lambun, wani dattijo shi kaɗai da jita, Kawu ya zauna ƙyam kamar an dasa shi, da aka tashi ya ce hannun mutumin irin na masu gurmin garinsu ne. Ta ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tsofaffi, mata da miji, da sanda da komai, suna tafe a hankali suna shan iska, ga jarirai a keke, ba mai kallon wani. Sai ta rage murya ko da yake mu biyu ne kawai. Ta ce a matakalar gidan sarautar ya riƙe mata hannu, kuma da suka sauka ƙasa bai saki ba sai da suka kai bakin ƙofa.

"Shekara talatin da ɗoriya bai taɓa yi ba," ta ce, ta ci gaba da yanka albasa.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Da bazara ta zagayo aiki ya kai ni Paris na kwana biyu, na shiga wani ɗan gidan abinci a Belleville, na wata mata ƴar arewacin Kamaru da nake zuwa wurinta in na yi marmarin tuwo. A tebur na kusa da ni wasu maza biyu ƴan Cadi suna gardama da Hausa a kan wata takarda. Ɗaya yana cewa a sauka a kan tudu tun da can ne masallaci, ɗayan yana buga yatsa a takardar yana cewa ga shi an rubuta kada a yarda. Na ɗan leƙa. Rubutuna ne, an yi kwafinsa har baƙaƙen sun fara dushewa. A gefen shafin akwai wani rubutun da na sani, ƙanana a karkace, na Kawu. Kusa da maganar fita da rana ya rubuta: wannan gaskiya ne, na gwada. A ƙasa ya ƙara wurin da ake samun gasasshen kifi, wanda ni ma ban sani ba.

Na yi musu sallama, muka gaisa, na tambayi inda suka samo ta. Babban cikinsu ya ce wani Alhaji ne na Stains yake rabawa a masallaci ga duk wanda ya ce zai je. Ya ce ɗiyar Alhajin ce ta rubuta, injiniya ce a Lyon, ta san ƙasar kamar yunwar cikinta, kuma Alhajin ya ce duk wanda ya saɓa wa takardar shi ya jiyo.

Na ajiye cokalina. Sannan na ce, "Malam, ni ce ɗiyar."

Suka dubi juna, suka dube ni. Ƙaramin ya tashi ya jawo mini kujera, ya kira mai abincin ya ce a maido kwanona teburinsu. Tambayoyi suka fara zubowa. Ko ana barin yara su shiga wurin kiɗan, ko ruwan famfo yana shawuwa, wanda na amsa da ƙarfin gwiwa tun da shi ne aikina. Babban ya ce mahaifiyarsa za ta zo daga Abeche kuma a keken guragu take, ko za a iya shiga da ita gidan sarautar. Wannan ban sani ba, na ce masa ban sani ba, amma zan bincika. Na rubuta lambarsa a bayan tikitin metro. Tuwona ya huce, jirgin da na yi niyyar bi ya tafi ya bar ni, na bi na bayansa. Ran Talata na kira shi na gaya masa ta wace ƙofa ake shiga da keken, da sassan da za ta iya gani da waɗanda matakala za ta hana ta.