Ganuwar da Na Ƙaryata a Dira

Shekarun baya, ina aikin gini a Riyad, akwai wani dattijo ɗan Indiya da muke aiki tare, mai sassaƙa dutse daga yankin Rajasthan. Ni ke miƙa masa siminti. Larabcinmu duk a karye yake, amma da shi muka saba har ya zama abokina.

Wata Juma'a mu biyar 'yan wurin aiki muka shiga unguwar Dira, muka tsaya kallon tsohon ginin Masmak. Ni da bakina ba ya shiru, na hau kurin badalar Kano. Sai dattijon ya tsuguna yana zane a ƙasa da tsinke. Ya ce a garinsu akwai ganuwa bisa tsauni, sarakunan Rajput suka gina ta tun ɗaruruwan shekaru. Ƙofofinta bakwai, hanya tana lanƙwasa kafin kowacce don kada giwayen abokan gaba su taho a guje, an kuma kafa ƙusoshin ƙarfe a ƙyauren daidai goshin giwa. A can sama an fafe dutse an yi tafkuna masu tara ruwan sama, ko an yi wa garin ƙawanya ba a jin ƙishirwa. Ya ce zuriyarsu ke gyaranta, a can mahaifinsa ya fara damƙa masa guduma.

Na ƙyalƙyale da dariya, na ce, "Haba sadiƙ, abokina! Tafki a kan tsauni? Har da giwa? Wannan ai fim ɗinku ne." Sauran ma suka kwashe.

Ya dube ni ya ce, "Maganar babana nake yi, kana dariya." Ya shafe zanen da tafin hannu.

Muka ci gaba da aiki, muna gaisawa, amma bai sake ambaton gida ba. Na lura, girman kai ya hana ni ba shi haƙuri. Bayan 'yan watanni ciwon baya ya kwantar da shi, kafil, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ya sallame shi. Ranar da aka kai shi filin jirgi na ce aiki ya riƙe ni.

Na daɗe da dawowa gida na ci karo da hotunan irin waɗannan ganuwoyi a waya. Komai yana nan yadda ya faɗa. Na kira lambarsa ta Saudiyya, wani ya ɗauka ya ce bai san shi ba.

Yanzu in baƙo ya fara labarin garinsu, shiru nake yi in saurara. Haƙurin da ban ba dattijon nan ba kuwa, har yau ban san inda zan kai shi ba.