Ƙugun Inna da Fanshon Ƙanwata

Shekarun baya, ban daɗe da canza aiki zuwa wani kamfanin ajiyar kaya da ke Dubai Investments Park ba, mahaifiyata ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Aka yi ɗorin gida bai yi ba, aka je asibiti nan ma sai a hankali. Na ce a kawo mini ita nan. Matata tana jego a Kano a lokacin, saboda haka ƙanwata ce ta biyo Inna jinya. Malamar firamare ce a gwamnatin jiha, ta haura shekara ashirin tana shaƙar alli, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ta ce ai hutun makaranta ake, kafin a koma sun dawo.

Bari in faɗa muku wani abu tukuna. Ni ne ɗan farin Inna. Kakata ce ta raine ni, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta kallona ido cikin ido. To ga mu a ɗan gida ɗaki da falo, ina zaune gwiwata na kusan taɓa gadonta, sai in ji ta ce da ƙanwata, "Tambayi yayanki ko ya ci abinci." Ni ma da yake haka na taso, sai in ce, "Ce mata na ci." Ƙanwata ta zama tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushiya.

Aka yi mata aikin ƙugun lafiya, amma jiki na tsufa, warkewa ta ƙi sauri. Likita ya ce babu maganar jirgi sai ta iya dogon zama, a bi a hankali, shwaiya shwaiya in ji Larabawa. Aka koma makaranta a gida, ƙanwata tana nan. Ita ke ɗaga Inna, ita ke juya ta, ita ke kai ta banɗaki. Ni nawa in dawo daga aiki da leda a hannu in ce sannunku.

Wata rana na dawo na tarar da ita a kicin, waya a hannu, ido ya yi ja. Ta ce, "Yaya, an fara tantance ma'aikata a jiha. Duk wanda bai je da ƙafarsa ya dangwala yatsa ba, cire sunansa za a yi, a ce ma'aikacin bogi ne."

Na ce, "To a cire mana! Ni ba ga ni ba? Ki ajiye musu aikinsu, su ba ki haƙƙinki, khalas."

Wani kallo ta yi mini kafin ta ce, "Lallai ka daɗe a ƙasar Larabawa." A nan mu baƙi ba mu da fansho. Ranar da ka bar aiki a haɗa maka kuɗin sallama a ba ka, kowa ya kama gabansa, ni kuma na ɗauka haka duniya take. Ta ce a can idan aka goge ka a matsayin wanda ya gudu daga aiki, ba garatuti, ba fansho, shekarunka duk sun bi ruwa. "Albashinka na yau ne, Yaya. Ranar da bizarka ta ƙare fa? Ni fanshon nan shi ne tsufana."

Wallahi kaina ya ɗaure. Ranar Juma'a bayan masallaci na nufi kasuwar Murshid Bazaar wajen 'yan Kano masu ɗaurin kaya, don a can ake warware kowace matsala, ko kuma a ƙara dagula ta. Wani ya ce a sa likita ya rubuta cewa ita ce marar lafiyar. Wani ya ce a tura wata mai kama da ita ta sa niƙabi. Na ce yatsan fa? Ya ce au, haka ne fa, ya ci gaba da naɗe kwalinsa. Sai wani abokina da ya taɓa zama a Ingila ya ja ni gefe, ya ce a can idan mutum ya bar aiki yana jinyar wani nasa, gwamnati na iya lissafa masa lokacin cikin shekarun fanshonsa, amma sai ya nema. Ya ce, "Ƙila ku ma akwai, ba ku tambaya ba ne."

Ni kuwa na ɗauki maganar da zafinta. Na samo lambar wani jami'i a ofishinsu, na kira shi ina ta jero bayani kamar lauya. Mutumin ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Alhaji, muna da hutun haihuwa, da na rashin lafiya, da na ƙaro karatu, da na aikin Hajji. Jinyar uwa kuwa lada ce, ba ofishinmu ke biyan wannan ba."

"To yanzu yaya za a yi?"

"Akwai hutu ba albashi. Amma sai ta zo da kanta ta nema."

"Ta zo ta nemi izinin tafiyar da ta riga ta yi?"

"Ƙwarai kuwa."

"In ta samu, watannin za su shiga lissafin fanshonta?"

Ya ce wannan kuma sai an duba. Na kira wani a ofishin ya ce suna shiga. Na kira wata ta ce ba sa shiga. Na ajiye waya na fi ɗazu ruɗewa. Abu ɗaya dai duk suka haɗu a kai: ta zo kafin a rufe, in ba haka ba babu ita.

Na ce to a ɗauki mai jinya. Aka turo wata baiwar Allah, mai kirki ce, amma ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin komai sai Hausa. Inna ta juya fuska bango, ta ƙi abinci, ta ƙi a taɓa ta. Washegari na sallami matar. Ƙanwata ta ja ni kicin tana magana ƙasa-ƙasa. "Na haƙura, Yaya. Su goge. Wa zai ɗaga ta in na tafi? Kai? Kai da ko ruwa ba ta sha a gabanka?" Mun manta cewa tsakanin kicin ɗin da gadon Inna labule ne kawai.

Da safe ina ɗaura takalmi zan fita, ƙanwata ta kawo kunu, ta sa hannu za ta tayar da ita zaune. Inna ta ture hannun. Tana kallon silin, sai ta ce, "Kai. Zo ka ɗaga ni."

Sai da na waiwaya bayana, wallahi, in ga ko wani ne ya shigo. Ba kowa. Na matsa, ban ma san inda ake kamawa ba, ƙanwata ce ta nuna mini da ido. Na ɗago ta. Ashe haka ta rame, ba nauyi ko kaɗan. Ta karɓi kofin ta sha a gabana, ni ina kallon taga, ita tana kallon ƙasa.

Sannan ta ce da ƙanwata, "Haɗa kayanki. Na yi jinyar kakarku, na yi ta babanku, ba wanda ya rubuta mini a ko'ina. Yau ko sabulu sai na jira an tuna da ni. Ke naki an rubuta, kada ki bari a goge saboda ni. In kin ƙi tafiya ban yafe ba."

Ƙanwata ta tafi tana kuka. Na ɗauki hutu ba albashi, manajana ya kasa gane yadda aka yi mai jinya ta tafi neman izinin jinya, na ce masa ni ma ban gane ba. Wata Hajiya 'yar kasuwa da na sani a Murshid ta riƙa zuwa tana yi wa Inna wanka, Allah Ya saka mata. Sauran kuwa ni ne. Na koyi juya ta, na koyi dama kunu ba gudaji. Har hira muka fara, 'yar kaɗan, kowa na kallon wani wuri.

Ƙanwata ta dangwala yatsanta ana gab da rufewa, ta yi ta zarya har aka ba ta hutun, ta dawo. Tana shigowa da jakarta, ko zama ba ta yi ba, Inna ta dube ta ta ce, "Ce wa yayanki ya riƙa cin abinci, ya rame." Shi ke nan, aka koma gidan jiya. Na shiga banɗaki na yi dariya har na yi hawaye.

Inna ta rasu bayan wasu shekaru, a ɗakinta can gida, da ƙafafunta take zuwa alwala har ƙarshe. Ƙanwata ta yi ritaya, tana karɓar fanshonta, ko da yake har yau in ka tambaye mu ko watannin jinyar nan sun shiga lissafi, ba mu sani ba. Abin da na sani shi ne, duk gidan da aka kwantar da tsoho akwai wata da ta ajiye nata ta zauna, mu kuma mu ce Allah Ya ba da lada mu wuce. Yanzu in na ji wata za ta bar aiki don jinya, kafin in yi mata addu'a sai na tambaye ta ko ta je ofis an rubuta.

Wani lokaci ƙanwata takan tsokane ni ta ce na yi asarar albashina wajen ɗawainiyar fanshonta. Ni kuwa ban taɓa ganin asara ba. Ba don tantancewar nan ba, da Inna ta koma ga Allah ban taɓa riƙe ta a hannuna ba.