Shinkafar Baƙon Malbaza

Ni na yi kuskure, ba Kawu ba. Jiya ƙamshin farar shinkafa ya tuna mini da shi.

A shekarun yunwa Kawu ne kukun wani mutumin Japan a Malbaza. Kullum da safe yakan dafa 'yar shinkafa ba gishiri, baƙon ya ajiye ta tana tururi gaban hoton mahaifiyarsa da ta rasu, ya haɗa tafin hannuwansa.

A ƙofar masallaci, a gaban jama'a, na ce Kawu gunki yake dafa wa abinci. Ya ce, "Ɗana, maraya nika dahwa ma."

Tun ranar babu wanda ya sake cin tuwo da shi, har ya rasu. Sai a bakin kabarinsa na iya cewa, "Kawu, na zalunce ka, ka yafe mini. Allah ya sanyaya makwancinka."