Ciyawar da Na Bari Kan Irin Tumatir

Yau na ga albasa ta tsiro a ɗaki, ta karkata wajen taga, sai marigayi Baffana ya faɗo mini a rai.

Wata shekara a fadamarmu ta Bebeji, na bar ciyawar da muka rufe irin tumatir da ita har kwana goma. Ya fito fari fat, siriri kamar zare, kuma ba mu da wani. Na kai hannu zan yaye ciyawar duka, rana tsaka. Baffa ya damƙe ni.

"Kul! Shuka ba ta da ido, amma tana gani. Kaɗan-kaɗan ake nuna mata rana."

Kwana huɗu muna rage ciyawar, ko kallona ba ya yi. Ran na biyar ganye ya yi kore shar. Ya ce, "Ta gani."

Allah Ya haskaka kabarinka, Baffa.