Na Bar Hajo Cikin Rijiya

A gidanmu na Tambuwal, in an gama girbi kuma an ci tuwon dare, mukan taru a ƙofar ɗakin Kaka, uwar babana. Takan hura wutar kara, ta tura mana gyaɗa cikin toka, mu zauna ƙarƙashin duman da ya haye rufin ɗakinta. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, manya na ta zancen Kaduna, mu kuwa ba ruwanmu.

"Ga ta nan ta taho, wa ka tarbonta?" in ji Kaka.

"Mu ka tarbonta!"

Kaka tana da wata al'ada da ban taɓa gani wurin kowa ba, ita ce ajiya. Kafin ta fara takan zaɓi yaro guda ta zaunar da shi gefen ƙafarta. A farkon labari za ta lissafa kayan da mai labarin ya fita da su daga gida, in ta zo kan abin da zai cece shi a ƙarshe sai ta mintsini yaron nan a ɓoye. In labari ya kai inda ba mafita, sai ta tsaya cak ta ce, "Ina ajiyata?" Kai ne za ka faɗa. In ka faɗa daidai mutum ya tsira, in ka ɓata, to, ya halaka a hannunka.

Shekarar da nake magana, gwaggona ta zo daga Kebbe da ɗiyarta Hajo, taubashiyata, wata 'yar firit mai bakin tsiya. Da safe za su koma, shi ya sa Kaka ta ce tatsuniyar yau ta Hajo ce, har sunanta za a sa wa yarinyar ciki. Ta kuwa dube ni.

"Maigida, taho nan. Kai ka riƙon ajiyar baƙuwa."

Na matso ina hura hanci. Sai dai hankalina ba ya gidan. Motar majigi ta gwamnati ta sauka a garin, daren jiya an haska mana hoto a filin kasuwa: tsutsa ta cinye audugar wani manomi, yana zaune ya yi tagumi, sai ga malamin gona cikin mota ya zo ya gyara komai. Ni ban taɓa ganin abin da ya kai wannan daɗi ba. Kuma an ce yau za a sake.

Kaka ta fara. An aiki Hajo ta kai wa babanta abinci a wurin kiwo, uwarta ta ɗaura mata kaya a gefen zane. Na ji ludayi, na ji allura. Daidai nan injin majigi ya tashi daga kasuwa, ƙuginsa ya cika gari, kunnena ya bi shi. Sai na ji mintsini a cinya. Zafin ya shiga, kalmar kuwa ta wuce ni.

Da na buɗe baki na ce a maimaita, da shi ke nan. Amma wa zai yarda ya faɗi gaban Hajo? Na bar shi, wai zan gane a hanya.

Labari ya ci gaba. Kura ta biyo Hajo, Hajo ta ruga, ta faɗa wata tsohuwar rijiya da ta kafe a tsakiyar daji. Kura ta leƙa ta leƙa, ta gaji ta tafi. Bangon rijiya santsi, ba mai wucewa, rana ta faɗi. Kaka ta ƙanƙance murya tana kiran "Inna! Inna!" daga ƙasan rijiyar, har Hajo ta gaske ta ƙanƙame hannun uwarta. Sai aka tsaya.

"Maigida, ina ajiyata?"

Ido ya yi mini caa. Na san ba ludayi ba ne, na san ba allura ba ce. Can dabara ta zo mini, irin dabarar da ke kai mutum ga kunya.

"Sai ga motar gwamnati ta taho ta fid da ita!"

Wayyo! Yara suka fashe, har gwaggona sai da ta riƙe ciki. Kaka kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tona gyaɗa guda daga toka, ta hure ta.

"Mota? Yaushe nib ba ka ajiyar mota? Ba a ɗauko abin da ba a aje ba, maigida. Ku tashi. Hajo tana nan cikin rijiya."

Hajo ta sa kuka, kukan gaske, tana cewa a fid da ita. Aka roƙi Kaka, ta ce labarin da ajiyarsa ta ɓace ya mutu a bakinta. Ni kuwa na shige bayan rumbu. Majigin ma ban je ba. Da safe ina jin ana ɗaura wa jaki kaya, na ƙi fitowa sallama.

Kaka ta ci gaba da ba ni ajiya bayan haka, ban kuma sake ɓata ko ɗaya ba. Amma waccan ban taɓa tambayarta ba har Allah ya karɓi abarsa. Kunya ce kawai. Hajo kuwa ta samu abin yi: biki, suna, ta'aziyya, duk inda muka haɗu sai ta ce, "Mai mota, ina gajiya? Ni dai ina nan ciki."

Na yi koyarwa har na yi ritaya, daga baya na shiga rubuta wa yaran nan masu shirya fim labari. Kafin a ɗauki komai mukan zauna a karanta rubutun, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ni ne dattijon zaman, ni ne mai yawan wa'azi: a nuna wuƙa tun farko in za a yi yanka a ƙarshe, kada a yaudari mai kallo. Rannan ana karanta nawa, labarin wata mata da aka yasar a hanyar daji. Na rasa yadda zan ƙare shi, sai na kawo wani alhaji mai wucewa ya ɗauke ta a motarsa. Daraktan, wani yaro mai ladabi, ya sosa ƙeya.

"Baba, a yi haƙuri. Alhajin nan da motarsa, a ina munka aje su?"

Wallahi sai na ji zafin mintsinin nan a cinyata. Da furfurata, ashe har yau mota nake kira! Na gane abin da Kaka ta ƙi yi mini a daren nan: in ceto ya faɗo daga sama, kukan da mai sauraro ya yi ya tafi a banza. Na naɗe takarduna, ban iya haɗa ido da kowa ba.

Sati na zagayowa na hau mota zuwa Kebbe, babur ya ƙarasa da ni. Na tarar da Hajo a tsakar gida, jikoki sun kewaye ta.

"A'a! Mai mota!"

"Hajo, don Allah, ko kin san abin da Kaka ta aje mini?"

Ta daina sussukar da take yi, ta dube ni.

"Ina kusa da kai, na ga hannunta sa'ad da tam mintsine ka. Irin duma na. In shuka shi, in ba shi ruwa da hawayena, shi yi yaɗo shi hau bango, in bi shi in fito. Ga shi bisa kanka yana reto, kai kana sauraren inji."

"Me ya hana ki gaya mini tuntuni?"

"Wanda ke cikin rijiya shi ka fid da kainai? Jira nika yi ka tambaya." Ta kakkaɓe zanenta, ta gyara zama. "To, bisimilla. Ina ajiyata?"

Jikokin suka zuba mini ido. Na durƙusa kamar yadda nake yi gefen ƙafar Kaka.

"Irin duma."

"Alhamdu lillahi, na fito," in ji Hajo. Ta share ido da bakin gyale. "Amma ka daɗe, Garba."