Alƙalin da ya juya mana baya

Jiya 'yata ta miƙo min waya tana ta faɗa. Wai an zalunci wasu masu rawa a kan ƙanƙara, mace da namiji: alƙalai sun rage musu maki, ƙasarsu ta ɗauki wasu.

Sai na tuno Karaye, muna aji shida na firamare. Za a zaɓi 'yan mata masu rawa bibbiyu su je gasa a Rogo, aka kira wani tsohon makaɗi, Baba Ɗanlami, ya yi alƙalanci.

Muka ɗaura akayau mai kacau-kacau a ƙafa, ana kiranmu bi da bi. Ganga na tashi tsohon nan ya juya kujerarsa ya ba mu baya, har aka gama bai waiwayo ba. Duk makarantar an san babu mai juyi irina, amma ni da abokiyar rawata Talatu, da muka fito na uku, bai ɗauke mu ba.

Malaminmu ya fusata. "Haba Baba, ko kallonsu fa ba ka yi ba!"

Ya ce, "Malam, ido ya san 'yar wane ce, kunne bai sani ba. Waɗanda na ɗauka, akayau ɗinsu murya ɗaya ce. Na ukun nan kuwa, kullum ƙafar ɗayarsu na rigan ta ɗayar sauka."

Sati guda na yi ina kukan an cuce ni. Sai da na girma na yarda cewa ko sau ɗaya ban taɓa sauraron ƙafar Talatu ba.

Ku fa, wane hukunci kuka tsine wa, daga baya kuka gane gaskiya ne?