Matar da ta Ba Ni Sifana

Jiya na je bikin kimiyya a makarantar 'yata a Demsawo. Yara maza suna haɗa wayoyin lantarki, ita kuwa da ta fi su maki, an ba ta tire tana raba wa baƙi zoɓo. Na yi magana, malaminsu ya ce, "Hajiya, ai mata sun fi iya hidima."

Nan take na tuna marigayiya shugabar makarantarmu ta 'yan mata a Yola, wadda muke kira Dada. Wata rana famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, ga rana kamar wuta, muka zauna da bokitai muna jiran makanike daga Jimeta. Dada ta fito tana ƙanshin man zafi, hannunta duk alli, ta danƙa mini sifana.

"Wa kuke jira? Nan babu namiji. Ku kwance shi, ina kallo."

Muka kwance, muka gyara, muka mayar, baƙin mai har gwiwar hannu. Ruwan farko ya fito ja da ɗanɗanon tsatsa, haka muka sha.

Allah ya sanyaya makwancinki, Dada. Na gode masa da bai nuna miki tiren nan ba.